Ni Na Yi Masa Tafinta, Ni Na Ɓoye Masa Ciwonsa

Anti Umma,

Don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki yi sauri, domin abin da ke damuna ba ya jira. Wannan ce takarda ta uku da na fara rubuta miki, biyun farko na yayyaga su. Na sauya sunayen mutanen da zan ambata, saboda mujallarku tana zuwa nan ana karɓa hannu da hannu, kuma mu Hausawan garin nan ba mu da yawa.

Ni 'yar Zariya ce, shekarata tara a New York, ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Ina zaune a Morrisania cikin Bronx, a hawa na huɗu. Ƙofar da ke kallon tawa ta Malam Mainasara ce, mutumin Maraɗi, da matarsa Rahma da 'yarsu Hafsa mai shekara bakwai, wadda aka haifa da sikila. Ba mu haɗa dangi ba, amma Yaya nake ce masa. Da mijina ya rasu shekara huɗu da suka wuce, shi ya naɗe teburin sana'arsa kwana uku ya tsaya a kan komai har aka kai shi makwancinsa. Ni a lokacin saboda ruɗewa ko sunana ba na iya rubutawa daidai.

Agoguna da huluna yake sayarwa a bakin titin 125 a Harlem. Tun da aka tashi masu tebur daga wurin a bara ya koma yawo da kaya a jaka, yau a samu gobe a rasa. Ana cikin haka ya fara ramewa, idonsa ya yi rawaya, ciki ya ɗaga. Muka ɗauka ciwon shawara ne, har aka aiko da sassaƙe daga gida ya sha wata biyu. Da ƙyar na ja shi asibiti. Shi Hausa yake ji da ɗan Faransanci, Turancinsa bai wuce na ciniki ba, Rahma kuwa ko wannan babu. Don haka duk zuwa asibiti ni ce tafinta.

Ranar da za a faɗi sakamako, muna saukowa daga bene Rahma ta riƙe mini wuyan hannu, ta roƙe ni ko mene ne likita ta faɗa kada in karya masa zuciya. Muka shiga. Likitar, wata yarinya mai hankali, ta ja kujera ta zauna kusa da shi. Ta ce ciwon daji ne a hanta, ya riga ya yaɗu, ba za a iya yin aiki ba, abin da ya rage shi ne rage masa zafi. Ta ce a ganinsu watanni ne, ba shekaru ba, kuma idan yana da niyyar tafiya gida ya yi cikin 'yan makonnin nan, kafin jiki ya ƙi ɗaukar jirgi. Anti, duk tsawon maganar nan bai kalli likitar ba, bakina yake kallo. Sai na ji kaina ina ce masa hantarsa ce ta gaji, sai an yi haƙuri an ci gaba da shan magani, Allah zai kawo sauƙi. Likita ta tambaye ni ko ya fahimta, na ce ya fahimta. Har godiya ya yi mata da hannu biyu.

Na san za ki ce me ya kai ni. To ni dai haka na taso na gani. Mahaifina ya yi jinyar shekara guda a Zariya, ya rasu bai san sunan ciwonsa ba, ƙannensa ne suka sani suka rufe. Ban taɓa ganin an tsaya gaban majinyaci an ƙirga masa kwana ba, kuma har yau ina ganin akwai rashin imani a yadda mutanen nan suke faɗin irin wannan magana kamar suna karanta farashin kaya. Da muka dawo na ja Rahma kicin na gaya mata gaskiya. Ta toshe bakinta da gefen zani ta yi kuka ba sauti, sannan ta wanke fuska ta kai masa kunu.

Ga inda abin ya juyo kaina. Mutanen masallacinmu, 'yan Nijar da 'yan Zangon Kumasi da namu na Najeriya, sun haɗa masa gudummawa. Wani direban tasi, Abukari, shi ya kawo a ambulan. Abin da ke ciki ya isa tikitin jirgi zuwa Yamai. Yaya kuwa, tun da a saninsa hanta ce ta gaji kawai, ya ce da shi zai kama rumfa a sabuwar kasuwar da aka mayar da masu tebur, ya saro kaya. Ranar Lahadi ya miƙo mini takardar neman rumfar ya ce in cike masa. Na ce na manta tabarau, alhali suna cikin jakata.

Sannan ga mahaifiyarsa a Maraɗi, tsohuwa, idonta ya kusa rufewa, rabonta da shi shekara goma sha ɗaya. Duk wata yakan ɗauki muryarsa a kaset ya ba matafiyi ya kai mata. Shekaranjiya na shiga da miya na tarar yana ɗauka. Yana gaya mata yana nan lafiya ƙalau, nan da shekara biyu idan rumfa ta kankama zai zo ya gyara mata ɗaki. Tari ya sarƙe shi, ya tsayar da rakodar, ya mayar da kaset ɗin baya ya goge wurin don kada ta ji. Na ajiye kwanon na fita, a matakala na zauna na yi kuka har wani Bature da ban sani ba ya tsaya yana tambayata ko lafiya.

Na koma wa Rahma na ce a gaya masa, ta ce muddin tana numfashi ba za a yi ba, idan ya ji zai daina cin abinci. Amma ina zargin akwai wani tsoron a ƙasa. Ba shi da takardun zama, idan ya fita ba zai dawo ba. Ita kuma ba za ta iya binsa ba, domin Hafsa a nan aka haife ta, a nan ake duba ta, wata ba ya wucewa ba ta kwanta a asibiti ba. Idan ya tafi zai rasu ba matarsa ba 'yarsa, idan ya zauna zai rasu bai ga uwarsa ba. Rahma tana tsoron ya zaɓi uwar. Wallahi ban ga laifinta ba, mace ce da take wuni a tsaye tana kitso don su ci, ta dawo ta yi jinyar mutum biyu.

Ni ma ba zan ɓoye miki ba, na gaji. Ni ce girki, ni ce kai Hafsa asibiti, har wata tsohuwa da nake wa aiki 'ya'yanta sun sallame ni saboda yawan latti. Wani lokaci haushin Rahma nake ji da ta ɗora mini wannan kaya, wani lokaci haushin kaina. Kullum na shiga sai ya ce Allah ya bar zumunci, ba shi da kamar ni a garin nan, ni kuwa sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai nan da mako uku za mu koma wurin likita. In ci amanar Rahma in gaya masa, ko in ci tasa in yi shiru? Ki gaya mini abin yi, kaina ya ƙulle.

Maƙwabciya daga Bronx
Yuni 1995

AMSA

Ƙanwata,

Na sa an tura miki wannan amsa ta lambar faks ɗin da kika rubuto a bayan takardarki kafin ta fito a mujalla, domin kin yi gaskiya, maganar ba ta jira.

Da farko ki daina yi wa kanki bulala. Abin da kika yi a ɗakin likita tausayi ne ya sa ki, kuma da yawanmu da muka taso a gida haka za mu yi. Al'adar ɓoye wa majinyaci tana da dalilinta, akwai mutanen da jin sunan ciwo yake kayar da su tun kafin ciwon ya kayar da su. Amma ki duba yadda take aiki a gida. Da aka ɓoye wa mahaifinki, ƙannensa sun sani, su ne suka tsaya a madadinsa, kuma yana kwance a ɗakinsa, duk wanda yake son gani yana iya shigowa. Babu abin da rashin sanin ya hana shi. Malam Mainasara ba haka yake ba. Akwai teku tsakaninsa da mahaifiyarsa, akwai tikiti ɗaya, akwai 'yan makonni, kuma babu wanda zai iya yanke wannan hukunci sai shi. A yanzu ke da Rahma kuna yanke masa, ta hanyar yin shiru har lokaci ya ƙure. Ranar da jikinsa ya ƙi jirgi, an zaɓa masa ke nan.

Don haka ra'ayina a gaya masa. Amma kada ki zagaye Rahma. Ita za ta rayu da abin da ya biyo baya, kuma za ki ci gaba da buɗe ƙofa kina ganinta. Ki same ta ku biyu, ki faɗi tsoron nan nata da bakinki, tun da ita ta kasa faɗa. Ki nuna mata cewa sanin gaskiya ba shi ne tafiya ba. Mai yiwuwa ya ji ya ce yana nan tare da 'yarsa, kuma zaman da ya zaɓa da kansa ya fi mata kwanciyar rai nan gaba a kan wanda aka samu da rufa-rufa. Ki gaya mata a fili cewa ba za ki sake fassara ƙarya ba. Ki ba ta kwana biyu ko uku ta shirya zuciyarta, kada ki ba ta mako uku.

Gobe ki kira likitar ki faɗa mata abin da ya faru. Ba za ki zama ta farko ba, kuma ya kamata ta sani, domin tana ba shi magani a kan cewa ya fahimta. Ki roƙi a matso da ranar, ku je da wani babba da yake jin nauyinsa, limaminku ko Abukari idan mai riƙe sirri ne. Kafin a faɗi komai a tambaye shi ko yana so a yi masa bayani dalla-dalla ko a bar wa iyalinsa. Idan ya ce a bar shi, hakkinsa ne, kin fita. Ni dai ina zaton ya fi ku sanin jikinsa. Mutumin da yake goge tarinsa don kada uwarsa ta ji, zai iya yiwuwa ku ma lallaɓa ku yake yi. Kuma ba a ce a ƙirga masa kwana ba, wannan sanin na Allah ne. A ce masa ciwon babba ne, likitoci sun kai iyakarsu, idan akwai abin da yake son yi lokacinsa yanzu ne. Takardar rumfa kuwa kada ki cike ta.

Idan ya ji, ki kama bakinki game da tafiya ko zama. Idan ya zaɓi tafiya, a nemi mai raka shi, a tambayi likita maganin zafin da zai tafi da shi. Idan ya zaɓi zama, a nemi gidan da ke da tarho a Maraɗi a kai tsohuwar, su yi magana baki da baki tun yana da ƙarfin murya. Maganar takardu ban san dokar ƙasar ba, ku tambayi wanda ya sani kafin ku yanke cewa babu hanya. Ku kuma nemi ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ta asibitin, ku ji taimakon da Hafsa da gidan za su iya samu.

Ke kuma, aikin mutum biyar kike yi. Mutanen da suka haɗa ambulan za su iya haɗa tukunya. Ki sa matan masallaci su raba kwanakin girki da kai Hafsa asibiti, ki koma bakin aikinki, domin gidan nan zai fi buƙatarki nan da wata shida fiye da yau.

Zai iya yin fushi da ke, ya juya miki baya kwana biyu. Ki ɗauka, ki nemi gafararsa, kada ki kare kanki. Yanzu yana nan da ransa, yana iya yin fushin, yana kuma iya cewa ya yafe. Idan kika jira, za ki nemi wannan kalmar ki rasa wanda zai faɗa miki ita.

Allah ya sassauta wa Malam Mainasara, ya ba Hafsa lafiya, ya ƙarfafa zuciyar Rahma, ke kuma ya ba ki ƙarfin buɗe baki, ya saka miki da alherin maƙwabtakarki.

Taki,
Anti Umma