Asibitin Yaya da Aka Bari Ba Rufi

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Allah ya ƙara wa idonka haske, ya sa aikin da aka yi maka shi ne ƙarshen wahala. Mu nan lafiya lau, sai gwiwa da ke yi mini gardama da safe. Ɗana Babba ya sami ƙaruwa, mace, wai kamarta ɗaya da ni, na ce Allah ya ba ta haƙuri. 'Yarka ta wajena, Malama, ce ke rubuta mini kamar kullum, na kuma ja mata kunne kada ta sassauta ko kalma ɗaya.

Bana shekara talatin da huɗu ke nan da ruwa ya karya gada. Ba sai na tuna maka ba, kai ka tuƙa motar katakon, ni na riƙe kan Yaya, babbarmu, a baya, jini yana zuba, muna hangen farin ginin asibiti a ƙetare har ta cika. Ɗanta yana da shekara goma sha ɗaya. Ni na ɗauke shi, ya tashi a shagon Baba cikin dusar katako, yana farke mini rediyo yana kasa mayarwa, har muka sa masa Ɗan Batir. Yau rediyon ne ke kiransa hamshaƙin attajiri, da manhajarsa duniya ke sayayya a waya, ana lissafa dukiyarsa da biliyoyi.

Ka san shekara shida da suka wuce ya zo da masu ɗaukar hoto, ya ce zai gina asibiti da sunan mahaifiyarsa a wannan gefen ruwa, a filin shagon Baba, tunda sabuwar gadar ma rufe ta ake yi in ruwa ya cika. Aka ɗaga wani ƙaton kwali mai siffar cekin banki, sifili jere a kai kamar ƙwai a kiret. Na kira magini muka zauna, muka ga kuɗin sun isa bango da rufi da gadaje ashirin da motar ɗaukar mara lafiya, har da saura. A nan na yi wautar da har gobe take hana ni sakat. Shekara hamsin ina aikin kafinta, ban taɓa kware wa mutum tsohon rufi ba sai sabon kwano da katako sun sauka a gidansa na shafa su da hannuna. An zage ni a kan haka, an kai aiki wani wuri, ban canza ba. Amma ni ne, a wancan makon, na ɗauki hama na rushe shagon ubanmu saboda kwali. Bencin Baba yana nan a soron gidan Babba ana shanya kayan yara a kai.

Kuɗin ba su zo gaba ɗaya ba. Ɗigo-ɗigo ake sako su, bana kaɗan, baɗi kaɗan, kafin wani ɗigon ya zo siminti ya yi tsalle, rodi ya bi shi. Bango ya kai kan taga, aka ce sun ƙare. Damina biyu ke nan ginin yana shan ruwa, bulo ya yi kore, awaki ne ke haihuwa a ɗakin da aka ce na haihuwa ne.

Ran Litinin lauyan Ɗan Batir ya zo, ya zauna a bakin kujera kamar za ta cije shi, kujerar da na yi tun ba a haife shi ba. Ya yi mini bayani a tsanake, ban ɗauki alhakinsa ba. Ya ce abin da aka yi alkawari an biya cif, ko sisi bai yi ciwon kai ba. Ya ce lambar da rediyo ke faɗa yaudarar kunne ce: gaskiya dukiyar maigidansa ta ƙaru da kashi ɗaya cikin uku a shekara shidan nan, amma farashin kaya ya ninka sau biyu da ɗori, saboda haka in aka duba abin da za ta iya saya, yau ya fi talauci a kan ranar da ya ɗaga kwalin. Ya ƙara da cewa yawancinta ma ba kuɗi ba ne a hannu, hannun jari ne, in ya fara sayarwa darajarsa faɗuwa za ta yi.

Na ce masa na gane, ai ban yi boko ba amma na sayi ƙusa. Na yarda dukiyar da a da za ta rufe gari goma yau shida za ta rufe. To mu ɗaki bakwai muke nema. Na tambaye shi me ya hana a sayi kwano da siminti a shekarar farko a jibge, kamar yadda ko mai gina bandaki ya sani. Ya ce barin kuɗin a kamfani ya fi riba. Na ce ribar wa? Shi ya ci ribar jira, mu muka ci asararsa. Na kuma tambaya ko talaucin nan ya sa an rage mota ɗaya a gidan, ko an tsallake cin rana. Sai ya tsaya yana gyara madubin idonsa.

Da yamma Ɗan Batir da kansa ya kira. Ya ce wai ni Kawu ban gane tattalin arziki ba, zamani ya wuce bulo. Wai a sayar wa kamfaninsa filin da bangon a yi ɗakin ajiye kaya, kuɗin kuma a zuba a wani shiri na ganin likita ta waya. Na ce ya gaya mini wace waya ce ke tsayar da jini. Na ji numfashinsa irin na da, in ya ɓata mini rediyo. Na ɗauka zai ce wani abu. Sai ya ce ana jiransa a taro.

Ga dalilin takardar nan, Auta. Filin namu ne mu uku, kason Yaya yana hannunsa, kuma an ce hannu biyu cikin uku sun isa a sayar. Nawa ba za su samu ba. Saura naka. Na san shi ya biya aikin idonka, na san kana jin nauyinsa, kuma an ce za a turo maka wani abu a waya ka danna kawai. Ban ce ka yi masa butulci ba. Ka gode masa, ka yi masa addu'a, amma kada ka danna. Ka ce masa a wannan karon ba lamba muke so ba. Ya aiko bandir na kwano da katako da gadaje, a sauke a gabana in shafa. Waɗannan ba sa raguwa a hanya. In kuwa ka danna, ba zan yi fushi da kai ba, na tsufa da wannan. Amma ka sani babu mai sake ba unguwar nan fili, kuma duk wadda ta cika a bakin ruwa daga yau, ni da kai mun san hanyar gidansu.

Ka gaishe mini da mai ɗakinka, da 'ya'yanka Likita da Ƙarama, da surukinka mai yawan dariya. Babba da iyalinsa suna gaishe ka, Goggo ma ta ce har yanzu tana jiran hoton jikokin.

Lauyan ya ce gobe masu awo za su zo duba filin. Ina da tsoffin katakan da na cire daga shagon Baba, da kwano tara da ba su huje ba, sun isa ƙaramin ɗakin gaba. Gobe da sassafe zan kai su, in sun zo su same ni a sama ina kafa rufi. Malama tana rubutu tana girgiza kai, ta ce ta ɓoye tsani. Na ce ta rubuta wannan ma: kafin rana ta fito zan haɗa wani.

Ni ne yayanka,
Kafinta