Yashi a Rigar Filo

Sparkbrook, Birmingham
19 ga Oktoba, 2014

'Yata Justina,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya maigidanki da yara? Ƙafar babarki ta yi sauƙi?

Ni lafiya lau nake, kada ki damu. Sai dai an ce a rediyo wata guguwa daga teku za ta iso jibi da ruwa mai yawa. Marigayiya matata Celestina ta zaɓi garin nan ne don yana nesa da teku. Ga shi rafin bayan layinmu ake tsoro, ɗakina kuwa a ƙasa yake.

An sauke mana buhunan yashi na tare ruwa a bakin titi. Matar da ke leƙo mu tsofaffi an sallame ta bara, wai ana tsuke bakin aljihu. Buhu ya fi ƙarfina, don haka da kofi nake ɗiba ina zubawa a rigunan filon da Celestina ta yi wa ado. Huɗu sun cika, na jera su a ƙofa. Na kasa zama, taga nake ta leƙawa.

Hoton aurenmu yana cikin ambulan ɗin nan, shi kaɗai gare ni. Ba kyauta ba ne, ajiya ce. Jos ɗinku ta fi nan tudu.

Allah ya tsare ku.

Kawunki,
Gamaliel