Lemun Abba da Akwatinka Mai Fure

Ya sanyin idona, inuwata a tsakar rana, ruwan farko a kan busasshiyar ƙasa, ya kai mai yatsun zinariya da kai kamar dutse!

Ina gaishe ka, don Umma ba ta koya mini fara wasiƙa babu gaisuwa ba. Amma ka sani ba don shauƙi na rubuta maka "sanyin idona" ba. Haushinka nake ji, masoyi! Na ƙi kiranka a waya ne don kada muryar nan taka ta lallashe ni tun ban gama faɗa ba.

Jiya da la'asar na dawo daga kwas. Ko jaka ban ajiye ba na haye saman bene in duba itacen lemun Abbana. Ka san shi ya dasa shi da hannunsa a rabin duro wata biyu kafin ya rasu, ka san bai bar mini wani abu mai rai ba sai shi. Na tarar ganyen ya nannaɗe, ina taɓawa yana zuba kamar ƙonanniyar takarda. Ƙasar duron ta tsattsage. A gefe kuwa ga wani akwati shuɗi, sumul, har an zana masa fure a murfi. Fure! Kai, Allah ya shirye ka!

Ka tuna ranar da muka haɗa na'urar ban-ruwan nan? Muna zaune a baranda, allon gwaji da ake soka wayoyi a jikinsa yana tsakaninmu, wayoyi ja da baƙi sun yi cirko-cirko kamar gashin da ba a taje ba. Na soka ma'aunin danshi a ƙasa, 'yar ƙwaƙwalwar na'urar ta ji bushewa, ta ta da famfo, ruwa ya feso maka a fuska. Ka yi ta dariya ruwa na ɗiga daga gemunka, ni kuwa a ranar na gane ba ni da wani sai kai. Na'urar mummuna ce, na yarda, amma wata huɗu ta yi tana aiki ba fashi. Da zan tafi me na ce maka? Na ce gwiwar Umma ba ta hawa bene, ka riƙa leƙawa, kuma kada ka taɓa komai.

Ina ba da baya ƙaiƙayin hannun masu gyaran waya ya motsa maka. Ka zare ƙwaƙwalwar daga allon gwaji, ka yi mata nata allon, ka manne komai da dalma, wai za ka ba ni mamaki. To ka ba ni! Na buɗe akwatin, kuma wallahi ban taɓa ganin dalma mai kyau irin taka ba, kowane ɗigo kamar raɓa a bakin ganye. Wannan ma ƙara mini haushi ya yi. A allon gwaji famfo da batirinsa, ƙwaƙwalwa da nata. Kai ka haɗe su a batir ɗaya don akwati ya yi ɗan ƙarami, ko kafasita guda ba ka sa ba da za ta riƙe wa ƙwaƙwalwar wuta. Na tsuguna na kasa kunne. Famfo ya yi ƙit zai tashi, ya zuƙe wutar, ƙwaƙwalwa ta suma. Ta farfaɗo, ta ji ƙasa a bushe, ta sake kiran famfo, ƙit, ta sake suma. Kwana goma sha tara baiwar Allah tana kiran ruwa, ga jarka cike fal a gefenta!

Na san yadda ka gwada ta, ba sai ka faɗa ba: a teburin shagonka, da 'yar fitila a madadin famfo. Fitila ta kama, ka ce shi ke nan. Fitila ce ke shayar da itace, hasken rayuwata?

Kuskuren waya zan yafe, ni ma ƙwaƙwalwa biyu na ƙona a gaban idonka. Abin da na kasa yafewa daban ne. Kullum na tambaye ka ya lemun, sai ka ce lafiya lau. Umma ta ce sau uku ka zo gaishe ta, ka zauna ka sha shayi, ka tafi. Matakala ashirin da biyu ce kawai, na ƙirga su jiya ina kuka. Yarda da aikin hannunka ta hana ka hawa ka duba abin da na bar maka amana. Wannan ne ya yi mini ciwo, kuma har yanzu yana yi.

Duk da haka, dubi rashin zuciya irin nawa! Ina zuba wa duron ruwa ina zaginka, ina kuma jin da kana nan da kukan ya fi sauƙi. Wa zan kai wa ƙararka in ba kai ba?

Yau da safe na kankare ɓawon gindin lemun da farce. Can ƙasa, kusa da saiwa, akwai ɗan kore da bai fi ƙwayar shinkafa ba. Saboda haka gobe ka zo da ƙarfen dalmarka, da kafasita, da batir na biyu. Tare za mu gyara, da famfon gaske za mu gwada, ni zan riƙe mitar auna wuta. Bayan nan kullum za ka hau matakalar nan da ƙafarka, ka soka yatsa a ƙasa, ka gaya mini gaskiyar abin da ka ji.

In ya yi toho, na yafe maka. In bai yi ba, zan aure ka duk da haka, don zuciyata ba ta san wani ba kuma ba za ta sani ba, amma ka shirya jin labarin lemun nan har haƙoranmu su zube.

Taka a fushi, taka a huce, taka har numfashin ƙarshe,
Mai riƙe maka mita.

Akwatin ya yi kyau. Kada ka kuskura ka ji daɗi.