Ba zan ɗaura waya mai kauri ba

Laraba da dare.

Yau ma fiyus ɗin taransifomarmu ya ƙone, don masu injin niƙa sun tayar lokaci guda. Mai unguwa ya same ni a gindin falwaya, ya ce, "Malam Habu, ɗaura waya mai kauri mu huta, mata na jiran niƙa." Na ce, "Ranka ya daɗe, an yi fiyus ne don ya ƙone a madadin taransifoma." Na duba lambar da ke jikinta, na sa mata sabon fiyus daidai ƙarfinta.

Wai na cika taurin kai. To, na ji. Mutanen ƙauyen gabas sun ɗaura waya mai kauri bara. Har yau nan matansu ke kawo niƙa.