Ƙafar Baba da Ruwan Inabi

Zuwa ga Yayata abar alfaharina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yaran nan masu wawushe mini aljihu. Mu ma nan kalau muke.

Maƙasudin wannan takarda shi ne in kwantar miki da hankali game da ƙafar Baba. Na san Umma ta kira ki tana kuka, amma kin san Umma da zuzuta al'amari. Haƙiƙanin lamarin shi ne, ƙafarsa ta dama, wadda yake taka keken ɗinki da ita, tana riƙe masa a sha-raɓa in ya ɗan yi tafiya, yatsun kuma sanyi ƙalau. Likita ya ce jijiyoyin jini ne suka ƙuntace. Ya rubuta magunguna, ya ce a koma a ɗauki hoto, wataƙila a yi aiki a buɗe hanyar jinin.

To Yaya, a nan ne ilimi ya yi ranarsa. Kin tuna a kan me na rubuta kundin digirina? Ruwan baƙin inabi! A ɓawonsa akwai wasu sinadarai da masana ke kira folifenol, masu kare bangon jijiya daga lalacewa, su kuma taimaka mata ta saki ta buɗe. Na zaunar da Baba a shago, a gaban Kawu mai gyaran agogo da sauran 'yan benci, na warware musu batun a kimiyyance, har da zanen jijiya da allin ɗinki a kan teburin yanka. Kawu ya ce shi duk a jawabin nan kalmar "ruwa" kaɗai ya gane, amma tunda Farfesa ne ya faɗa, ya sa hannu. Baba kuwa sai murmushi yake. Ya ce musu ƙafar nan ce ta taka keke har na gama jami'a, ga shi yau na dawo zan yi mata hidima.

Yanzu kowace safiya nakan markaɗa inabin, in tace da farin ƙyalle da Baba ya yanko mini da kansa, har ya daje bakinsa. Yana shanyewa tas, kodayake yana yatsina fuska. Ki sa ido, za ki ji labari mai daɗi.

Ki gaida mutanen gidan.

Ƙaninki,
Farfesa

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, kuma zazzaɓin ƙaramar ya sauka.

Al'amarin ya ɗauki wani salo da ban yi hasashensa ba. Ashe Baba bai koma ɗaukar hoton ba. Ranar da aka ba shi, ya saka hularsa ya fita, muka ɗauka asibiti ya nufa, ashe shago ya buɗe. Jiya da na durƙusa zan sa masa takalmi na ga ɗan yatsansa ya yi baƙi kamar an goga masa gawayi. Umma ta ce ya daɗe yana kwana da safa don kada ta gani.

Na koma kan takardun da na gina kundina a kansu, na karanta su da idon ɗan mara lafiya, ba da idon ɗalibi mai neman maki ba. Abin da suka nuna shi ne jijiya takan ɗan ƙara buɗewa bayan an sha ruwan na wani lokaci. Babu ko ɗaya da ta ce yana buɗe jijiyar da ta riga ta toshe. Ni ma ban taɓa cewa ya maye gurbin aikin likita ba, amma da irin tinƙahon da na yi a shagon nan, ban san me kunnen Baba ya ɗauka ba.

Na same shi a ɗaki na faɗa masa haka dalla-dalla. Kin san ƙa'idarsa ta sana'a: ba ya karɓar ɗinkin da wani tela ya fara, ba ya kuma yarda a ɗauke nasa a kai wa wani kafin ya gama. Yakan ce wannan cin fuska ne, tamkar ka shelanta wa duniya cewa mutum bai iya ba. To wannan ƙa'idar ya ɗora wa ƙafarsa. Ya ce ni na fara aikin, a gaban mutane na fara shi, kuma ba zai kwashe ƙafarsa daga hannun ɗansa ya kai wa wani ba, 'yan benci su ce karatun nawa na banza ne. Na ce Baba, ƙafa ba yadi ba ce. Ya ce in rage surutu in kawo masa kofinsa, sabon tela ne kawai yake tsorata in ya ga ɗinki ya ɗan karkace.

Umma ta yi magiya, Kawu ya yi. Ko ke kika kira shi, na san zai ce miki lafiyarsa lau. Duk wanda ya ambaci asibiti, sai ya ɗauka ni ake rainawa, ya hau kare ni. Ban taɓa sanin ana iya kare mutum har ya rasa inda zai sa kansa ba.

Ki taya mu da addu'a.

Ƙaninki,
Farfesa

*

Yayata,

Assalamu alaikum, da fatan kun tashi lafiya. Na ga saƙonki, na kuma gode da ba ki ɗora mini laifi ba, ko da yake shirun da kika yi a kan batun ya isa.

Umma ce ta tuna mini cewa ƙa'idar Baba tana da ƙofa guda. In telan da ya fara aiki ya ɗauko yadin da hannunsa, ya kawo, ya ce ya fi ƙarfinsa, Baba yakan karɓa, kuma ba ya ƙara tayar da zancen. Amma sai an faɗa a inda aka yi alƙawarin aikin.

Saboda haka na je shago da hantsi, lokacin da benci ya cika. Na tsaya a gaban teburin da na yi zanen nan, na ce musu aikin ƙafar Baba ya fi ƙarfina. Na ce abin da na karanta gaskiya ne a muhallinsa, amma bai kai nan ba, kuma ni da bakina nake miƙa aikin ga likita. Ban yi amfani da babbar kalma ko ɗaya ba, Yaya, duk sun gudu sun bar ni. Kawu, wanda bai taɓa barin magana ta wuce shi ba tsokana ba, ya sunkuyar da kai yana ta juya wani agogo a hannunsa.

Baba ya daɗe yana kallona. Sannan ya zare zaren daga allura, ya rufe keken da mayafinsa, ya ce wa mutanen su shaida, yaron nan ya cika tela, don sai gwani ne yake sanin inda hannunsa ya tsaya. Ko a nan ma ni yake gyara wa suna. Ya ce in samo mota.

An kwantar da shi a asibiti, aka ɗauki hoton. Likita ya duba hoton, bai yi mana faɗa ba, ya dai ce da an zo tun farko da zancen ya bambanta. Za su gwada iyakar ƙoƙarinsu.

Ƙaninki

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kin samu izinin tafiyar, don Baba yana ta tambayar ranar zuwanki.

Ba a samu ceto ƙafar ba. An yanke ta daga ƙasan gwiwa. Likita ya ce ɗayar tana da sauran dama matuƙar ya riƙe magungunansa, ya kuma riƙa zuwa ana dubawa. Na tambaye shi batun ruwan inabin, ya ce kofi ƙarami ba laifi in yana so, tunda ba shi da ciwon suga. Ni dai na kasa kai hannu kan injin markaɗen. Baba ne ya aiko Umma ta ce mini wai wa ya sallame ni daga aiki, shi ƙafa ɗaya ya miƙa wa likita, ɗayar tana hannuna. Na markaɗa na kai masa. Ya sha ya yatsina fuska, ya gaya wa na gadon kusa da shi cewa ɗansa masanin jijiya ne.

Bai yi kuka ba ko sau ɗaya, a gabanmu dai. Da safiyar yau ya sa na kawo masa wandonsa mai ruwan toka, da allura da zare da almakashi. Umma ta ce ya bari ta kai wa wani a gyara masa, ya harare ta. Ya shimfiɗa wandon a cinyarsa, ya auna ƙafar dama da tafin hannu, ya naɗe ta daidai gwiwa. Ya kasa zura zaren, sai ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba. Na zura masa. Ina zaune ina kallo ya kafa ɗinkin nan ƙanana-ƙanana, a jere, kamar na wandon ango. Da ya gama ya ciji zaren, ya juya wandon ya duba ta baya, ya ce to, ya yi.

Almakashin kuwa bai taɓa shi ba. Ya ce kada a yanke ragowar yadin, a bar shi a naɗe ta ciki.

Ki zo, Yaya. Ki gaida maigidan da yara.

Ƙaninki,
Auta