Na wuce Gwaggo Hajara a Misfala

Zuwa ga Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Inna, da Anti Zulai da yara. Yaya ƙafar Inna? An yi Sallah lafiya?

Wata biyar ke nan ina yawo da jakata a baya, ina kwana duk inda ya fi araha, har na shigo Makka a ƙarshen azumi. Akwai abin da na yi da yake damuna.

Ka san Gwaggo Hajara tana sayar da tuwo a unguwar Misfala, nan Makka. Sau uku ina wuce ta ina kau da kai, saboda ina tare da wasu Larabawa abokan tafiya, kuma na ce musu ba ni da kowa a garin nan.

Ranar Sallah sai ta kira ni da sunan gida. Ta ce, "Baban Inna, zo ka ci abinci. Tun ranar farko na gane ka, tafiyarka irin ta mahaifinka ce. Na ce bari in ƙyale ka har baƙinka su tafi."

Yaya, na durƙusa na kasa ɗaga kai. Ta zuba min tuwo har da nama, ba ta ƙara maganar ba. Yanzu a wajenta nake zaune.

Ku sa ni a addu'a. Ka gaishe da kowa. Gwaggo ma tana gaisuwa. Ta ce in rubuta muku cewa ina sauka na zo gaishe ta, amma na kasa rubuta muku haka.

Ƙaninka,
Aminu