Goggo, Ke Kika Riƙe Mini Lamba Ta Biyu

Zuwa ga Goggona, yayar mahaifina wadda ta rene ni, da ke kwance a maƙabartar Kebbe.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, irin ta durƙuso da kika koya mini, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Na san ba karantawa za ki yi ba. Ko kina raye ma miƙo mini za ki yi, ki ce in karanta da ƙarfi kada in haɗiye rabi. Na kuma san mutane za su leƙa wannan takarda. Su leƙa ɗin, dama ina son su san ki.

Abin da ya tayar mini da ke, wata yarinya ce daga Jabo ta same ni a wurin aiki. Karatun likitan haƙori take nema, an kira ta intabiyu, tana tambaya wace rana ya kamata ta zaɓa. Na ce mata ranar farko, da safe, kuma ta riƙe lambarta gam. Ta yi godiya ta tafi tana zaton hikimata ce. Ni kuwa na rufe ƙofa na zauna, don na san mai maganar.

Kin tuna shekarar farko. Na ci jarrabawar shiga jami'a da maki mai kyau, makarantar da na nema a birni ta kira mu intabiyu. Ni kaɗai na je. Ana sallame asuba na kama hanya, masinja ya miƙo mini 'yar takarda, lamba huɗu. Na zauna a benci ina jin kaina sama-sama.

Sai wata mai goyo ta zo ta ce mini ƙanwata, don Allah mu yi musanya, yaron ba zai jure zama ba. Na ba ta. Wani da ya girme ni ya ce motarsu da hantsi za ta tashi, shi ma na ba shi. Wata ko roƙo ba ta yi ba, cewa kawai ta yi ai ta girme ni, ta miƙo hannu. Ke kika rene ni a kan ba a shiga gaban babba, ba a riga shi sa hannu a kwano, ba a kallon idonsa a ce masa a'a. Wallahi Goggo, ita ma na ba ta. Kafin azahar takardar da ke hannuna ta zama ta ƙarshe.

Bayan la'asar na shiga. Malamai uku ne, amma kujera ɗaya babu kowa. Mace daga cikinsu ta cire tabarau tana murza ido. Suka tambayi sunana da dalilin da ya sa nake son aikin haƙori, ban kai ƙarshen amsa ba aka ce za a neme ni. Ba mugunta suka yi ba, gajiya ce. Sai daga baya na gane gurabe kaɗan ne, kuma tun ana tafiya suke ware waɗanda suka kwanta musu. Wanda ya zo a makare, ko ya iya, ya tarar wuri ya kusa cika kuma kunnuwa sun ƙoshi. Ba a neme ni ba.

Na sauka Tambuwal, na hau motar Kebbe, duk hanya ina lallashin kaina cewa ko ba komai za ki yaba ladabina. Ina gama ba ki labari kika ajiye faifai kika riƙe haɓa. "Lamba fuɗu! Kinka bayar? Innalillahi! Mai-sunan-Inna, ladabi na koya miki, ban koya miki wauta ba." Sunan mahaifiyarku na ci, shi ya sa ba ki taɓa kiran sunana ba, ko kina faɗa. Can kuma kika sauke murya kika ce laifinki ne, rabin karatu kika ba ni.

Ba ki taɓa zama a aji ba, amma babu wanda ya fi ki sanin benci. Shekara nawa kina raka matan unguwa da na ƙauyen Fakku asibitin Tambuwal? Mai naƙuda, mai ciwon ido, mai yaro da sheshsheƙa, duk ke ake tasowa. Kullum kuma sai kin tashe su tun da sanyin safiya suna gunaguni. "Likita da safe idonka shika kallo," kike cewa, "in rana ta yi, takarda shika kallo." A da dariya nake yi. Ashe abin da ya ci ni ke nan.

Baba ya ce shi ke nan, an gwada, in shiga makarantar horon malamai in huta. Ba laifinsa ba ne, ba ya son ganina zaune a gida ina rama. Kika yafa mayafi kika same shi a zaure. Ta bayan ƙyaure na ji kina ce masa tun da kika goya shi ba ki taɓa roƙonsa komai ba, yau shekara guda kike roƙo. Ya ce to Yaya, guda ɗaya tak, in ba a dace ba kada a sake tayar masa da maganar. Kika ce kin ji, ni ma na ji.

Na sake zama jarrabawa, aka sake kira na. Wannan karon kwana uku suka ware, Litinin zuwa Laraba, kowa ya zaɓa. Ni Laraba nake so, don in ƙara duba littafi. Kika kalle ni sama da ƙasa. "Abin da ba ki sani ba ran Litinin, Laraba ba ta koya miki shi. Sa Litinin, da safe." Kika kuma ce ƙafarki ƙafata. Na ce gwiwoyinki fa? Kika ce gwiwoyin naki ne ko nawa.

Haka muka tafi, ke da butarki da darduma da ƙullin fura. Masinja na miƙo takarda kika riga ni kai hannu. Lamba biyu. Kika ƙulle ta a bakin mayafi, ƙulli biyu, kika zauna a kan benci kamar a tsakar gidanki.

Ba a jima ba aka fara zuwa. Duk wanda ya ce mini ƙanwata, sai in sunkuyar da kai, ke kuwa ki amsa. "Ni ka riƙe da lamba, ni za a tambaya." Wa zai iya ce wa tsohuwa mai furfura ta matsa? Sai su gaishe ki da kwana su ja da baya. A nan na gane dabararki. Kin san ba zan taɓa iya ce wa babba a'a ba, shi ya sa kika kawo wadda ta fi kowa girma a wurin. Kai Goggo, na sha dariya a cikin mayafi.

Dariyar ba ta daɗe ba. Wani dattijo ya zo, farin gemu, tsaranki ko ma ya ɗan girme ki. Ya yi sallama ya rusuna. Ya ce daga nesa suke, ɗansa ne zai shiga, zazzaɓi ya kama shi a hanya, ga lambarsu can baya. Na waiwaya na ga saurayin jingine da bango yana kyarma. Ni kam har na fara miƙewa. Kika danne mini cinya da hannu. Ke da ba ki taɓa hana maƙwabci ko garwashi ba, sai kika ce, "Malam, ka yi haƙuri. Bara ta bayar. Bana ba ta da abin bayarwa." Dattijon ya ce ba komai Hajiya, ya koma. 

Da aka kira lamba biyu kika kwance ƙullin kika sa mini takardar a tafin hannu. Malaman duka uku suna nan, fuska a sake, shayinsu ko hucewa bai yi ba. Suka yi ta tambaya ina amsawa. Ɗaya ya ce aikin haƙori aikin hannu ne, ya turo mini sabulu da 'yar wuƙa ya ce in sassaƙa masa turmin haƙori da sabulun. Na kama kamar yadda kike sa ni kama wuƙar zanen ƙwarya, babban yatsa a gaba, kada a yi gaggawa. Suka tambayi inda na koyi riƙon, na ba su labarinki. Har matar nan mai tabarau ta yi dariya, ba ta ma gane ni ba. Bara duk wannan yana hannuna, lokacin nunawa ne ban samu ba.

Na fito ina cewa mu yi sauri mu sami motar gida. Kika ce ba yanzu ba. Kika taka har gaban dattijon nan, da gwiwoyin da ko sujada sai kin dafa bango, kika durƙusa kika ce ya yafe miki don Allah. Ya rasa inda zai sa kansa. Kika shimfiɗa wa ɗansa dardumarki a inuwa, kika dama masa furar da muka zo da ita, kika tambayi sunansa ya ce Bello. Kika zauna kina yi masa fifita, rana ta take, aka yi azahar, aka yi la'asar, sai da aka kira shi ya shiga ya fito sannan kika miƙe. Mota ta tafi ta bar mu, muka kwana a birni. Ban ji kin yi ƙorafi ko sau ɗaya ba.

Ranar da sunaye suka fito kina bakin murhu kina tuƙa tuwo. Na shigo da gudu da waya a hannu ina cewa Goggo an ɗauke ni, an ɗauke ni! Baba ya fito daga zaure ba takalmi. Na zaci guɗa za ki yi. Kika ce alhamdulillahi sau uku, sannan kika ce, "Bello fa?"

Na bi jerin daga sama har ƙasa. Na sake bi. Babu shi.

Kika sauke muciya kika zauna a kan turmi, tuwon na ƙauri ba ki kula ba. Da kika ɗago, idonki ya yi ja. "To, Mai-sunan-Inna, wurin mutum biyu kinka zauna. Ki yi aikin mutum biyu."

Ina aji huɗu Allah Ya karɓe ki, ba ki ga ranar da na gama ba. Ina ƙoƙari, Goggo. Wallahi ina ƙoƙari, kuma ina kewarki ƙwarai.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yalwata miki kabari, Ya sa ki cikin waɗanda za su shiga Aljanna ba tare da hisabi ba. Shi kuma Bello, duk inda yake, Allah Ya buɗa masa ƙofar da ta fi wadda na shiga, Ya sa shi da mahaifinsa sun yafe mana har zuci. Amin.

Taki har kullum,
Mai-sunan-Inna